Daga Tsinin Mashi zuwa Bakin Wuƙa: Nazarin Sukar Kifin Fayik da Sarrafa Shi a Jihar Minesota ta Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci al'adar sukar kifin fayik da mashi ta cikin ramin ƙanƙara, kamar yadda ake yin ta lokacin hunturu a jihar Minesota da ke arewacin Amurka, tare da hanyoyin gyara kifin da dafa shi. An bibiyi asalin al'adar, da kayan aikinta, da dokokin da suka tsare ta, sannan aka dubi abubuwa uku da ke tattare da cin kifin, wato ƙaya da tsila da sinadarin zaiba. Maƙalar ta gano cewa girman kifin da mai mashi ya zaɓa shi ne mahaɗar lafiyar tafki da lafiyar mai ci. Ta kuma nuna cewa iya fitar da ƙaya a madafa yana cikin abubuwan da ke sa masunci ya yarda ya ɗauki ƙaramin kifi ya ƙyale babba.

Fitilun kalmomi: fayik, mashi, bukkar duhu, kifin yaudara, ƙaya, tsila, zaiba

1.0 Gabatarwa

Mai fatsa yana da damar da mai mashi ba shi da ita. Idan ya jawo kifi ya ga bai kai ba, ko ya wuce girman da doka ta yarda, sai ya zare ƙugiya ya mayar da shi ruwa da ransa. Shi kuwa mashi ba ya san mayarwa; abin da ya soka ya mutu. Saboda haka duk lissafin da mai mashi zai yi, tilas ya gama shi kafin ya saki hannu, cikin 'yan daƙiƙoƙi, yana kallon kifin daga sama ta cikin ruwa.

A kan wannan bambanci ne aka daɗe ana ja-in-ja a Minesota tsakanin masu fatsa da masu mashi. Masu fatsa na zargin mashi da ƙarar da manyan kifaye, masu mashi kuma na kare al'adar da suka gada. Manufar wannan maƙala ita ce fito da yadda sana'ar take, da kuma nuna cewa amsar tambayar wane kifi ya kamata a soka ba a kan ƙanƙara kaɗai take ba, har da madafa. Mai karatu da ya san zagon da Sarkawa ke amfani da shi ba zai ga makamin baƙo ba. Baƙon abu shi ne yanayin da ake amfani da shi.

2.0 Kifin Fayik

Fayik kifin ruwan daɗi ne na ƙasashen sanyi. Ana samun sa a Arewacin Amurka da Turai da arewacin Asiya. Masanin halittu Carl Linnaeus ne ya raɗa masa sunan kimiyya Esox lucius a shekarar 1758. Al'ummar Ojibwe, waɗanda ke cikin 'yan asalin yankin manyan tafkunan Amurka, suna kiran sa ginoozhe.

Kifi ne dogo, mai baki kamar na agwagwa cike da haƙora masu kaifi. Jikinsa kore ne mai duhu da ɗigo-ɗigo masu haske, fiffiken bayansa kuma yana can kusa da wutsiya. Wannan ƙira ce ke ba shi damar zabura farat ɗaya. Ba ya yawan bin abinci da gudu mai nisa. Yakan laɓe ne cikin ciyawar ruwa, sai abin da zai ci ya matso ya kai masa cafka. Yana cin ƙananan kifaye da kwaɗi, har ma da 'yan uwansa fayik da suka fi shi ƙanƙanta.

Yana saka ƙwai da zarar ƙanƙara ta narke, a fadamu da wuraren da ruwa ya malale kan ciyawa. Mace ta fi namiji girma da tsawon rai, don haka kusan duk wani ƙaton fayik mace ce. Wanda aka amince da shi a matsayin mafi nauyi da aka kama da fatsa a duniya ya kai kilo 25, an kuma kama shi a Jamus a 1986. Na Minesota kuwa ya ɗan haura kilo 20, daga tafkin Basswood a 1929. Abin da ya sa ya dace da mashi shi ne ba ya kwanciya a lokacin sanyi kamar wasu kifaye. Yana ci gaba da farauta ƙarƙashin ƙanƙara, kuma da ido yake farautar.

3.0 Asalin Al'adar

'Yan asalin yankin ne suka fara wannan su. Masuncin Ojibwe yakan fasa rami a ƙanƙara, ya kwanta rub-da-ciki a bakinsa, ya lulluɓe kansa da fata ko bargo a kan 'yan sanduna domin ya tare haske, sannan ya riƙa wasa da wani kifin katako a cikin ruwa har na gaske ya zo. Ɗan kasuwar fatu Alexander Henry ya ga irin wannan su a yankin manyan tafkuna cikin shekarun 1760, ya kuma bayyana shi a littafin tafiye-tafiyensa da aka buga a 1809, har da bayanin kifin katako da ake ɗura wa darma.

Turawan da suka yi ƙaura zuwa yankin, musamman daga Suwidin da Norwe da Finlan da Jamus, sun koyi dabarar, suka maye gurbin bargo da bukkar katako. A shekarun 1930, lokacin matsin tattalin arziki, wannan su ya ciyar da gidaje da dama. Sassaƙa kifin yaudara ma ya zama fasaha mai zaman kanta. Ayyukan Oscar Peterson na garin Cadillac a jihar Mishigan, wanda ya rayu daga 1887 zuwa 1951, a yau masu tara kayan tarihi ne ke rububinsu.

Ya kamata a bambance wannan su na lasisin jiha da haƙƙin su na Ojibwe. Nasu haƙƙin ya samo tushe ne daga yarjejeniyoyin da suka ƙulla da gwamnatin Amurka, kamar ta 1837 da ta 1842. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da shi game da jihar Wiskonsin a 1983, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da shi a shari'ar Mille Lacs ta Minesota a 1999. Wannan maƙala ta taƙaita ne ga sukar fayik da jama'a ke yi bisa dokar jiha.

4.0 Kayan Aiki da Yadda Ake Sukar

4.1 Ƙanƙara da Rami

Ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na ma'aunin Salshiyas, ƙanƙara kuma ba ta kai ruwa nauyi ba. Shi ya sa tafki ke daskarewa daga sama, ƙasansa ya kasance ruwa, kifaye na yawo a ciki. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota na gargaɗin kada a taka ƙanƙara sai kaurinta ya kai inci 4, wato kimanin santimita 10, idan sabuwa ce garau. Farar ƙanƙara mai gauraye da dusa kuwa rabin ƙarfin waccan gare ta, don haka sai an ninka awon.

Mai mashi yakan zaɓi gefen ciyawar ruwa, inda zurfi bai wuce mita 2 zuwa 4 ba, kuma ruwan yana da haske. Sai ya yanka rami mai kusurwa huɗu da zarto, galibi kimanin santimita 60 a faɗi da 90 a tsawo. Rami irin wannan zai iya haɗiye mutum, don haka idan an tashi akan kafa rassan itace a gefensa domin masu wucewa su gani.

4.2 Bukkar Duhu

A kan ramin ake ɗora bukka wadda aka toshe duk wata kafar haske a jikinta. Hikimar abin ita ce, hasken rana yana ratsa ƙanƙarar da ke kewaye ya haskaka ruwan, cikin bukka kuma duhu ne. Wanda ke ciki yana ganin ƙasan tafki tas, kifi kuwa ba ya ganin komai a samansa. Karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma a nan ta juye, domin masunci ne ke gani, kifi bai sani ba. Akan dumama bukkar da murhun gas, wanda shi ma yana da nasa haɗarin, domin iskar kabon monoksaid ba ta da wari kuma tana kisa idan ba a bar mashigar iska ba.

4.3 Kifin Yaudara da Mashi

Kifin yaudara ba shi da ƙugiya. Katako ne aka sassaƙa, aka ɗura masa darma a ciki, aka sa masa fika-fikan ƙarfe da lanƙwasasshiyar wutsiya. Idan an ja zarensa sama aka saki, sai ya riƙa kewaya kamar kifi mai rauni. Fari da ja shi ne launin da aka fi sabawa da shi. Wasu kuma sukan rataya kifi mai rai a gefe.

Mashin yana da tsini da yawa a jere, galibi biyar zuwa tara, kowane da ƙayar da ke hana kifi zamewa. Yana da nauyi, an kuma ɗaure shi da igiya. Ba a jefa shi daga sama kamar mashin farautar daji. Ana zura tsininsa cikin ruwa a hankali domin kada ya fantsama, a daidaita shi da bayan kan kifin, sannan a tura a bar nauyinsa ya ƙarasa aikin. Sukar bayan kai tana kashe kifi nan take, kuma ba ta ɓata tsokar da za a ci. Sukar ciki kuwa tana fasa hanji ta gurɓata nama.

Akwai wani kifi mai suna maski da ya yi kama da fayik, kuma dokar Minesota ta hana sukarsa. A hannu ana bambance su da 'yan ramukan da ke ƙarƙashin muƙamuƙi: fayik yana da biyar ko ƙasa da haka a kowane gefe, maski kuma shida ko fiye. Amma mai mashi ba zai ga ƙarƙashin muƙamuƙi daga sama ba. Sai dai ya dogara da launi, domin fayik ɗigo mai haske gare shi a kan jiki mai duhu, maski kuma alamu masu duhu a kan jiki mai haske.

5.0 Matsalar Girma da Dokar 2018

Babban fayik yana da aiki a tafki, domin shi ke cin ƙananan 'yan uwansa yana rage yawansu. Idan aka kwashe manya, sai ƙanana su yi yawa, abinci ya yi musu kaɗan, girmansu ya tsaya. Masuntan Minesota na kwatanta irin waɗannan siraran kifaye da ƙotar guduma. Suna kuma cinye ƙananan kifayen da sauran jinsuna ke dogaro da su. Babbar mace kuwa sai bayan shekaru masu yawa take kai girmanta, don haka gurbinta ba ya cikuwa da wuri.

Binciken da Olson da Cunningham suka buga a 1989, bisa bayanan wata gasar kamun kifi ta garin Park Rapids daga 1930 zuwa 1987, ya nuna yadda manyan fayik suka riƙa raguwa. Binciken Pierce da Cook na 2000 kuma ya nuna cewa masu fatsa ne ke kama mafi yawan fayik a jihar, amma kason masu mashi a nauyi ya fi kasonsu a adadi. Wato dai kifayen da mashi ke ɗauka sun fi girma. Ke nan kowane ɓangare yana da hannu a matsalar, ko da yake ta fuska daban.

A 2018 Minesota ta raba jihar gida uku game da fayik. A yankin tsakiyar arewa, inda ƙanana suka yi katutu, an yarda mutum ya riƙe guda 10, amma biyu kaɗai za su wuce inci 26, kuma mai fatsa zai saki duk wanda ke tsakanin inci 22 da 26. A arewa maso gabas, inda har yanzu akwai manya, guda 2 ne, a saki na tsakanin inci 30 da 40. A kudu guda 2 ne, kada su gaza inci 24. Da yake mai mashi ba ya iya auna kifi kafin ya soka, an ɗan sassauta masa: a yankin tsakiyar arewa an yarda ya riƙe guda ɗaya daga cikin girman da aka kare. Dokar ta amince ke nan cewa ido na iya kuskure sau ɗaya, amma ba ta ba da dama ta biyu ba. Akwai kuma ɗabi'ar kalla-ka-ƙyale, inda mai mashi ke kallon ƙatuwar mace ta zo ta wuce, wani lokaci ya ɗauki hotonta kawai.

Sai dai doka za ta iya ba mutum izinin ɗaukar ƙanana 10, amma ba za ta sa shi son su ba. Dalilin ƙin su kuwa yana cikin tsokarsu.

6.0 Gyara da Dafawa

6.1 Ƙaya Mai Reshe Biyu

Naman fayik fari ne, ba shi da kitse sosai, kuma na ruwan sanyi ya fi tauri da daɗi. Aibinsa shi ne jerin ƙayoyi masu siffar harafin Y da ke cikin tsoka a kowane gefe, ba su haɗe da ƙashin baya ba. A babban kifi ana ganin su a zare su da sauƙi, a ƙarami kuwa sirara ne masu wuyar gani. Wannan ne ya sa mutane da yawa ke raina ƙaramin fayik.

Hanyar yanka biyar ta magance wannan. Ana kifa kifin a kan cikinsa, a yanka bayan kai har wuƙa ta taɓa ƙashin baya, a kwantar da ita a bi saman ƙashin zuwa fiffiken baya. Wannan yanka na farko ke nan. Daga nan kawunan ƙayoyin za su bayyana a layi biyu. Sai a bi bayan kowane layi da wuƙa zuwa ƙasa, a fitar da yanka na biyu da na uku. Sashen wutsiya ba shi da irin wannan ƙaya, daga shi ake samun na huɗu da na biyar. Akan cire fata saboda yauƙin da ke kanta yana sa ƙarni. Ana turmusa yankan cikin gari a soya, ko a gasa, ko a dafa cikin ruwan gishiri a ci da man shanu.

Hanya ta biyu ita ce niƙa. A birnin Liyon na Faransa ana niƙa naman fayik a tace shi, a haɗa da ƙwai da gari da man shanu, a yi dunƙule masu taushi. A Finlan ana yin ƙosan fayik, Yahudawan gabashin Turai kuma na sa shi cikin niƙaƙƙen kifinsu na ranar Asabar da bukukuwa.

Hanya ta uku, wadda ta shahara a Minesota, ita ce jiƙawa. Ana yanka naman ƙanana, a jiƙa cikin ruwan gishiri kamar kwana biyu, sannan cikin ruwan khal kamar kwana ɗaya, daga nan a jera shi a kwalba da albasa, a zuba ruwan khal da aka dafa da sukari da kayan ƙamshi ya huce, a ajiye a firji kusan mako guda. Tsamin khal yana tausasa siraran ƙayoyin har ba a jin su. A nan ƙanƙantar kifi ta zama alheri, domin ƙayar ƙarami ta fi saurin laushi.

6.2 Tsila

Jiƙawa ba dafuwa ba ce. Fayik na iya ɗauke da 'ya'yan tsilar kifi, wadda aka daɗe da sani da sunan Diphyllobothrium latum. Ƙwanta yana ƙyanƙyashewa a ruwa, wani mitsitsin ƙwaron ruwa ya haɗiye, ƙaramin kifi ya ci ƙwaron, fayik ya ci kifin, mutum kuma ya ci fayik. A hanjin mutum tana iya kai mita 10, tana kuma tsotse bitamin B12, abin da kan jawo ƙarancin jini ga wasu. Robert Desowitz ya bayyana a wani littafinsa na 1981 yadda matan da ke ɗanɗana ɗanyen haɗin kifi kafin ya dahu suka riƙa kamuwa da ita.

Gishiri da khal ba abin dogaro ba ne wajen kashe ta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da awo: a dafa kifi har cikinsa ya kai digiri 63, ko a daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifili na kwana 7. Don haka kifin da za a jiƙa sai ya fara kwana a firiza mai irin wannan sanyi. Barin sa a kan ƙanƙarar tafki na yini ɗaya bai wadatar ba.

6.3 Zaiba

Wuta tana kashe tsila, amma ba ta taɓa zaiba. Sinadarin yana sauka tafki ne daga iska, yawanci daga hayaƙin ƙona gawayin kwal. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin laka da fadamu suna mayar da shi wani nau'i mai shiga jikin halittu. Yana taruwa daga ƙaramar halitta zuwa babba, fayik kuma yana can ƙololuwa. Gwargwadon tsufan kifi da girmansa, gwargwadon abin da ya tara. Da yake cikin tsoka yake, cire fata ko kitse ba ya rage shi. Ya fi cutar da ƙwaƙwalwar ɗan tayi da ta ƙananan yara. A da, ma'aikatar lafiya ta Minesota ta riƙa shawartar mata masu ciki, da waɗanda ke iya ɗaukarsa, da yara 'yan ƙasa da shekara 15, da su guji fayik da ya wuce inci 30, wato kimanin santimita 76.

7.0 Sakamakon Nazari

Daga abin da ya gabata an fahimci abubuwa kamar haka. Na farko, bukatar tafki da bukatar mai ci sun zo ɗaya a yankin da ƙananan fayik suka yi yawa: babbar mace ita ce mafi amfani a ruwa, ita ce kuma mafi haɗari a faranti. Na biyu, abin da ke tura masunci ga babban kifi, ban da alfahari, shi ne wahalar ƙayar ƙarami, kuma wannan wahala ce da ake kawarwa da koyo. Na uku, rashin damar mayarwa bai hana mai mashi zaɓe ba. Hasali ma yana ganin kifin kafin ya taɓa shi, abin da mai fatsa ba ya samu, kuma kifin da ya ƙyale ba ya ɗauke da raunin ƙugiya.

Na huɗu, wannan hukunci na wuri ne, ba na ko'ina ba. A kudu maso tsakiyar jihar Alaska, inda aka shigo da fayik cikin ruwan da ba nasa ba ya riƙa cinye 'ya'yan kifin salmon, hukuma na ƙarfafa a kama shi babba da ƙarami.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi sukar fayik daga bargon masuncin Ojibwe zuwa bukkar duhu ta yau, ta kuma nuna yadda tambayar girma ta haɗa masanin kifi da mai doka da likita da mai girki. Dokar 2018 ta buɗe ƙofar ɗaukar ƙanana da yawa a yankin da suka yi katutu, amma cin nasararta ya rataya ga yawan mutanen da za su ga ƙaramin fayik a matsayin abinci. Saboda haka ana ba da shawarar hukumomi da ƙungiyoyin masu mashi su riƙa koyar da yanka biyar, da jiƙawa bayan daskarewa, tare da koyar da ƙiyasta tsawon kifi a cikin ruwa. Haka kuma akwai bukatar ƙarin bincike kan ko koyon sarrafa ƙaramin fayik yana sauya girman kifin da masu mashi ke zaɓa.